Wane aiki zan kai gaban kwamitin tantance masu ƙiyasin gidaje?

Ɗan Gwallameji:

Assalamu alaikum. Iyayenmu da yayyenmu da suka riga mu shiga wannan sana'a, shawara nake nema.

A Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa na karanta kula da gidaje da ƙiyasin darajarsu. Bayan bautar ƙasa na dawo gida Bauchi na kama aiki a ofishin wani mai ƙiyasin gidaje da ke da rajista, ina cika littafin aiki yana sa mini hannu. Yanzu na kawo gaɓar da zan ɗauki aiki ɗaya in rubuta nazari a kansa, in haɗa da littafin in miƙa wa ƙungiyarmu NIESV, su kira ni intabiyu. In Allah ya sa na haye, sai kuma hukumar rajista, ESVARBON. Zaɓen aikin ne ya tsaya mini a rai.

Guda biyu ne a gabana. Na farko wata masana'antar casar shinkafa ce a bayan gari, banki ya ce a ƙiyasta ta domin mai ita zai jinginar. Aiki ne babba, rahotonsa ma kauri gare shi. Amma tsakanina da Allah abin da na yi a wurin shi ne riƙe tef, ɗaukar hotuna, da buga rahoton a kwamfuta. Injinan, maigidana ne da wani injiniya suka zauna a kansu.

Na biyu gidan hayar ɗalibai ne a Gwallameji, ɗaki 12, kowanne da banɗakinsa. Mai gidan ya rasu, magada suna so su san darajarsa kafin rabon gado. Wannan ni na yi shi daga farko har ƙarshe: na auna, na bi ɗaki ɗaki na tambayi kuɗin haya, na zauna da dillalai. Maigidana dubawa kawai ya yi ya gyara wasu wurare ya buga hatimi. Sai dai gidan ba shi da takardar mallaka ta gwamna, takardar ciniki ce mai hatimin mai unguwa. Gidajen da na kwatanta shi da su kuma duk a bakin dillalai na ji farashinsu.

Abokaina sun ce in kai na shinkafar, wai kwamiti dariya zai yi mini in na shigo da gidan ɗalibai. To me ainihin suke dubawa a aikin da mutum ya kai? Girmansa? Sannan duk rahoton da ya fita daga ofishinmu sunan maigida ne a kai, nawa babu ko ɗaya. Ta ina za su san ni na yi?

Baba na Fadaman Mada:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kai na Gwallameji. Abokanka ba su taɓa zama a wannan kujerar ba.

Na daɗe ina cikin waɗanda ke zama da yaranmu su yi musu gwaji kafin su tafi intabiyu, kuma abin da muke yi musu shi ne abin da za su tarar a can. Ba wanda zai karanta rahotonka tun daga bango yana jinjina kai. Wani zai buɗe tsakiya, ya ɗora yatsa a kan lamba ɗaya, ya ce daga ina ka samo wannan. In ka ba da amsa, ya bi amsar da wata tambayar. In aikin naka ne, za ka yi ta ba su amsa har su gaji. In na maigidanka ne, a tambaya ta uku za ka fara kallon silin. Kai da ka riƙe tef, me za ka ce in aka tambaye ka shekarun injin casa, ko yadda aka cire tsufansa daga kuɗin sabo, ko me ya sa aka raba darajar gini da ta injina? Sunan da ke jikin rahoto bai dame su ba, sun san doka ba ta yarda wanda ba shi da rajista ya sa hannu ba. Dokar ma mai lamba 24 ta 1975, wadda ta kafa hukumar, dalilinta ke nan. Littafin aikinka da sa hannun maigidanka su ne shaidar farko, bakinka shi ne ta biyu, kuma ta biyun ta fi nauyi.

Bari in faɗa maka inda za su kama ka a gidan ɗaliban, don ka shirya.

Za su fara da dalilin aikin da ranarsa. Ƙiyasi don rabon gado ne, to wace daraja ka nema, ta kasuwa? A wace rana, ranar rasuwa ko ranar da ka je ka duba? Ka tabbata rahoton ya faɗa a fili, kuma ka san dalilin da ya sa aka ɗauki wannan ranar. Sannan me ka ƙiyasta? A nan yara da yawa ke zamewa. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 filin cikin birni yana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne, takardar gwamna kuma galibi shekara 99 ake rubutawa. Gidan da ba shi da ita ba a ce ba shi da daraja ba, ai unguwanninmu cike suke da irinsa kuma kullum ana ciniki. Amma banki ba zai karɓe shi jingina cikin sauƙi ba, masu saye sun ragu ke nan, kuma wanda ya saya zai kashe kuɗi da lokaci kafin ya daidaita takardu. Shin ka nuna wannan a lissafinka, ko ka kwatanta shi da gida mai cikakkun takardu ka wuce? Rashin takardar da kake jin kunyarsa, shi ne naman nazarin naka. Ana so a ga matsala, a ga hanyoyin da ke gabanka, a ga wadda ka bi da dalilin barin sauran.

Sai hanyar ƙiyasi. Biyar muka koya muku: kwatance, kuɗin haya, kuɗin gini, ribar kasuwanci, da ta ragowa da ake yi wa filin da za a gina. Gidan haya ne, don haka hanyar kuɗin haya ce kan gaba. Ɗauki misali, ba lambobinka ba, nawa ne: ɗaki 12, kowanne naira 150,000 a shekara, ya kama miliyan 1.8. Ka cire kashi 20 cikin 100 na gyara, kwashe masai, mai gadi, ladan mai kula da gida da ɗakin da zai zauna ba kowa, saura miliyan 1.44. In ka ce mai zuba kuɗi yana neman kashi 8 cikin 100 a shekara, za ka ninka da 12.5 (wato 100 a raba da 8), gida ya tashi miliyan 18. In ka ce kashi 10 ne, ka ninka da 10, ya dawo miliyan 14.4. Ka ga miliyan 3.6 ta tafi a kan lamba ɗaya, kuma wannan kuɗin marayu ne. To a nan za su zauna. Me ya sa 8, me ya sa ba 10 ba? In ka ce haka ake yi a ofishinmu, ka faɗi. In ka ce ga wani gidan ɗalibai da aka sayar a layin baya, ga abin da yake kawowa a shekara, ga abin da aka biya, na raba na samu kaza, ka tsira ko da mai tambayar yana ganin ka ɗan yi sama.

Kuma ka tuna gidan ɗalibai ba kamar sauran gidajen haya ba ne. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka, masu gidaje a Yelwa, unguwar da ke kusa da jami'ar, sun ji a jikinsu. In a cikin 'yan hayarka akwai 'yan jami'a, wani zai iya tambayarka ko ka yi la'akari da irin wannan.

Wani abin da ke ba ni haushi, tunda an zo wurin: yaro ya kawo rahoto shafi talatin, ashirin daga ciki tarihin garin Bauchi ne tun daga Yakubu, da yawan ruwan sama, da sunayen ƙananan hukumomi 20, lissafin kuma rabin shafi. Ba gasar tarihi aka kira ka ba.

Bagombe a Amurka:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni dai zan kawo yadda abin yake a nan, ko zai yi wa ɗan'uwa amfani, don na bi ta wannan hanyar.

A Amurka jiha ce ke ba da lasisi, amma ƙa'idar ƙasa ɗaya ce. Bayan durƙushewar bankunan ajiya da bashin gidaje a shekarun 1980, inda ƙiyasin da aka kumbura ya taka rawa, majalisa ta yi doka a 1989 ta tilasta wa jihohi su kafa hukumomin lasisi, aka kuma ɗora kowa a kan kundin ƙa'ida guda da ake kira USPAP. Awoyin da ka yi kana koyon aiki ake ƙirgawa. Tun 2018, a mafi ƙaranci, ƙaramin lasisin gidajen zama awa 1,000 ne cikin aƙalla wata 6, na gaba da shi awa 1,500 cikin aƙalla wata 12, babban kuma, wanda ke ba ka damar taɓa kowace irin kadara, awa 3,000 cikin aƙalla wata 18, rabinsu a kan abin da ba gidan zama ba.

Babban bambancin shi ne, wannan tambayar da kake yi, a nan ba ta tasowa, don ba kai ke zaɓa ba. Za ka miƙa jerin duk ayyukan da ka yi: irin kadarar, adireshinta, ranar rahoto, abin da kai ka yi, abin da mai kula da kai ya duba, awoyin da ka ci, da sa hannunsa da lambar lasisinsa. Hukuma ce za ta tsinci kaɗan daga cikin jerin ta ce turo waɗannan. Kana iya yin addu'a su ɗauki wanda ka fi ƙawatawa, sai su ɗauki wanda ka yi a gurguje ranar Juma'a da yamma. Kuma sau da yawa ba rahoton kaɗai suke nema ba, har da fayil ɗin aikin: zanen awon da ka yi da hannu, hotuna, takardun gidajen da ka kwatanta, lissafin da ya sa ka ƙara ko ka rage wa kowanne. Ƙa'ida ta ce a ajiye wannan fayil aƙalla shekara 5, in kuma an je kotu ka ba da shaida a kan aikin, shekara 2 bayan an gama shari'ar, duk wanda ya fi tsawo.

Mai dubawa ba ya zuwa da tasa darajar ya ce taka ba ta yi daidai da ita ba. Yana bi ne ya ga ko an bi ƙa'ida: an faɗi wanda aka yi wa aikin da abin da zai yi da shi, an bayyana iyakar binciken da aka yi, gyaran da aka yi wa farashin gidajen kwatance yana da madogara a kasuwa, sannan an yi bayanin yadda aka tattara sakamakon hanyoyin aka tsaya a kan lamba ɗaya. In ya ga giɓi, suna iya neman ƙarin ayyuka, ko su ce ka koma aji, ko su ƙi ƙirga awoyin. Wani lokacin ma abin ya koma kan mai kula da kai, tunda shi ya sa hannu.

Maganar suna kuwa, a nan an toshe ta. In ɗan koyo ya ba da gudummawa mai ma'ana a ƙiyasi, ko dai ya sa hannu, ko a rubuta sunansa a shafin shaidar rahoton a kuma faɗi abin da ya yi. Rahoton da ba a ambace ka ba, da wuya a ƙirga maka shi. Ka roƙi maigidanka, daga yanzu, ko layi ɗaya ne a riƙa sa wa cewa wane ne ya duba ya auna. Ba zai rage shi da komai ba.

Inda muka fi ku samun sauƙi shi ne farashi. A yawancin jihohi abin da aka sayar da gida yana rubuce, kana zaune za ka gani. Ku kuwa sai an bi rana.

Dillalin Wunti:

Ni ba ɗan boko ba ne irinku, yarona ne ya nuna mini wannan magana na ce sai na sa baki, don na ga ana ta cewa "bakin dillalai" kamar wani abin ƙyama.

Ɗan samari, in ka zo mini ka ce nawa fili ƙafa 50 da 100 yake a wuri kaza, kuɗin da mai shi ya sa zan faɗa maka, har da ɗan abin da za a rage in an zauna. Ai ban san ko saye za ka yi ba. Amma in ka ce mini wane gida aka sayar a layin nan bana, wa ya saya, nawa aka sallama, wannan wata tambaya ce daban, kuma ina da amsarta, don a kan kuɗin na karɓi la'ada. Ku ba kwa tambayar haka. Kuma ko takardar ciniki ka gani kada ka rantse a kanta, akwai wadda ake rage kuɗin a rubuce saboda abin da za a biya wajen takardu, akwai wadda ake ƙarawa saboda 'yan'uwa ko banki. Ka nemi ɗaya daga cikin shaidun, ka ji daga dillalin mai saye ban da na mai sayarwa. In baki biyu da ba su haɗu ba suka faɗi abu ɗaya, ka riƙe. Kuma ka taka ka je ka ga gidan, ba a cinikin biri a sama.

'Yar Tumfure:

Na yarda da Baba a kan zaɓin, amma ƙanena kada ka ɗauka in ka haddace gidan ɗalibanka shi ke nan. Ban daɗe da wucewa ba, kuma ba a kan nazarina kaɗai aka tsaya ba. Littafin aikin yana gabansu, duk abin da ka rubuta a ciki ka ba su izinin tambaya. In ka sa masana'antar shinkafar, ka rubuta gaskiyar abin da ka yi: awo, hoto, haɗa rahoto. Kada ka rubuta ƙiyasin injina.

Ni aikin diyya na kai, na wata hanya da ta ratsa gonaki da gidajen ƙasa a wajen Gombe. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya faɗi abin da ake biya: gini a kan kuɗin sake gina irinsa a cire tsufa, amfanin gona a kan ƙimar da jami'in gwamnati ya tsayar, filin kansa kuwa kuɗin hayar ƙasa na shekarar kawai, in ana biya. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya ce mini, to ke a ganinki an yi wa mai gonar adalci? Na ce abin da doka ta tanada na lissafa, amma ra'ayina shi ne bai kai asarar da ya yi ba, na kawo dalili. Ba su ce na yi daidai ba, ba su ce na yi kuskure ba, suka wuce. Ina ganin so suke su ga ko na san bambancin abin da doka ta ce da abin da nake so.

Abu biyu da ba a taɓo ba. Lokaci: in gidan da ka kwatanta an sayar da shi kafin tsakiyar 2023, kafin cire tallafin mai da sakin naira, kuɗin siminti da rodi da kwano duk sun sauya tun daga nan, sai ka nuna yadda ka daidaita. Haka wuri: mu a Gombe gida biyu na iya zama layi ɗaya, ɗaya yana bakin kwari zaizaya na cin bayansa, ba za ka ba su kuɗi ɗaya ba don suna unguwa ɗaya. Sai sirri. Rahoton na magada ne, ba naka ba. Ka nemi izini a rubuce ta hannun maigidanka, ka cire sunayensu da lambar gidan daga abin da za ka miƙa.

Kuma ka shirya wa tambayar nan da ba ta wuce kowa: in wanda ya ba ka aiki ya ce ka ɗaga masa lambar, ya za ka yi.

Ɗan Gwallameji:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na Gwallameji zan kai in sha Allahu. Yaya 'Yar Tumfure, tambayarki ta ƙarshe ma ta same ni a wannan aikin: babban ɗan mamacin, wanda ke so ya saye kason ƙannensa, ya same ni gefe ya ce in sassauta lambar. Na ce ya je ya ga maigida, bai je ba. Shin in sa wannan a nazarin, ko zai zama tonon asiri? Sannan cikin gidajen kwatancena guda huɗu, bayan maganar Baba Dillali na duba na ga biyu farashin tayi ne, ba a kai ga sayarwa ba. Rahoton kuma ya riga ya fita.

Baba na Fadaman Mada:

Ka sa maganar babban ɗan, ba suna, layi uku sun isa: an nemi a rage, ga wanda ragin zai cuta, ga abin da ka yi. Ka kuma gaya wa maigidanka yau in ba ka gaya masa ba, don kada ya fara ji a takarda.

Rahoton da ya fita kada ka taɓa ko waƙafi a cikinsa, yadda aka miƙa wa magada haka za ka haɗa shi. Gyaran a nazari ake yinsa. Ka rubuta cewa biyu ciniki ne da aka kammala, biyu tayi ne, ka nuna nauyin da ka ba kowanne. Ka koma wurin dillalan da irin tambayar da mutumin Wunti ya koya maka, ka ga ko biyun nan an sayar da su daga baya da nawa aka sallama. In abin da ka samo ya goyi bayan lambarku, ka faɗa. In ya nuna tazara mai yawa kuma ba a riga an raba gadon ba, wannan ya wuce maganar intabiyu, ka ɗauki takardun ka shiga ofishin maigidanka ku sake zama a kai kafin magada su je gaban alƙali.